Gishirin manganis: wa zai saya, wa zai haƙura

*Assalamu alaikum. Ina kiwon kajin nama a Mariri, kuma ni nake haɗa musu abinci. Wasu sun fara gurguncewa, ƙafa ta karkace daga gwiwa. An ce manganis suka rasa, har an nuna min wani gari mai ruwan hoda ana ƙulla shi a leda a kasuwa. In saya? Nawa zan zuba a buhu?*

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da aka gaya maka zai iya zama gaskiya. Rashin manganis, wato wani sinadari da jiki ke buƙata ɗan kaɗan daga abinci, yana sa agarar ƙafar kaza ta goce daga mazauninta, gwiwa ta kumbura, ƙafar ta juya waje. A kajin ƙwai kuma ɓawo yakan yi laushi, ƙyanƙyasa ta ragu. Masara, wadda ita ce fiye da rabin abincin, ba ta da manganis mai yawa, sannan idan ka cika garin ƙashi da garin dutse, sai su hana hanjin kazar ɗaukar ɗan abin da ke ciki. Amma rashin wasu bitamin ma yana kawo irin wannan gurguncewa, don haka ka kai wa likitan dabbobi kaza biyu ko uku ya duba kafin ka kashe kuɗi. Wadda ƙafarta ta riga ta karkace ba za ta miƙe ba, sauran kake ƙoƙarin cetowa.

Garin nan mai ruwan hoda shi ake kira manganis salfet, a jikin buhu za ka ga MnSO4. Kusan kashi 31 zuwa 32 cikin ɗari nasa ne manganis. Kazar nama tana buƙatar aƙalla miligiram 60 a kowane kilo na abinci, wato giram 60 a tan ɗaya, wanda ya kama kamar giram 190 na garin. A kilo 100 na abinci giram 19 ke nan. A buhun kilo 25 bai cika giram 5 ba. Ka ga ashe ba aikin gwangwani ko tafin hannu ba ne, sai ƙaramin sikeli mai nuna giram ɗaya-ɗaya.

Shawararmu ita ce kada ka saya. Firimiks na kajin nama, wato garin haɗin bitamin da sinadarai da ake sayarwa don sawa a abincinsu, wanda yawanci ake zuba kilo 2.5 a tan, ya riga ya ƙunshi manganis tare da bitamin ɗin da muka ambata. Duba naka: na kajin nama ne ko na ƙwai? Kwanan watansa bai wuce ba? Kana zuba abin da aka rubuta, ko kana ragewa saboda tsada? Galibi a nan matsalar take. Na leda kuwa, wanda babu suna babu lamba, ba ka san ko na taki ba ne, ko na masana'anta, kuma waɗannan ba a tace su daga ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam yadda ake tace na abincin dabbobi.

Idan likita ya ce lallai a ƙara, ka sayi mai rubutun cewa na abincin dabbobi ne, ka gauraya shi hawa-hawa. Fara cuɗa abin da ka auna da kilo ɗaya na dusa, wannan ka juye shi cikin kilo 10, sannan ka watsa a kan sauran ka juya da shebur sosai. Wanda ya zuba giram 19 kai tsaye cikin kilo 100, wasu kajin za su ci ninki goma, wasu ko ƙwaya ba za su samu ba.

*Ina da wurin haɗa abincin kaji a Sharaɗa, yara huɗu ke yi min aiki. Muna sayen manganis buhu-buhu. Ɗaya daga cikinsu yana yawan tari, kuma idonsa yakan yi ja ranar da aka buɗe buhu. Yana da haɗari ne? Ai abin ci ne.*

Alhaji, wannan tambayar ta fi ta farko nauyi. Kaza tana jure manganis mai yawa a abinci. Wanda ke cikin haɗari shi ne yaron da ke tsaye a kan buhun.

Dalili shi ne hanyar da yake bi ya shiga jiki. Idan ta baki ne, hanji ɗan kaɗan yake ɗauka, bai fi kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ba, hanta kuma ta tace rarar ta fitar ta matsarmama. Idan ƙura ce aka shaƙa, daga huhu sai jini, ba tare da ya fara bi ta hanta ba, kuma a hankali yana taruwa a sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa motsi. Tun 1837 aka gano wannan ciwo a Sikotland, a jikin ma'aikatan da ke niƙa dutsen manganis. Masu walda ma suna shaƙarsa a hayaƙi.

Ba rana ɗaya yake kama mutum ba, sai an yi watanni ko shekaru ana shaƙa. Farkonsa abin da kowa zai raina ne: kasala, ciwon kai, rashin barci, saurin fushi, mantuwa. Daga baya hannu ya fara karkarwa, rubutu ya ƙanƙance, magana ta yi nauyi, fuska ta sandare, tafiya ta koma kan yatsun ƙafa, mutum in ya ja da baya sai ya faɗi. Ya yi kama da cutar karkarwa da ake kira Fakinson, sai dai maganin Fakinson bai cika yi masa aiki ba, kuma idan ya yi nisa ko an bar aikin ba lallai ya warke ba. A gida sau da yawa sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta yawo, alhali yaron yana komawa cikin ƙurar kowace safiya.

Tari da jan idon yaronka alama ce ƙura ta yi yawa a wurin. Ka saya musu takunkumi mai lamba N95 ko FFP2, wanda ke manne wa fuska. Ƙyalle ko rawani da ake naɗewa a hanci ba ya tare wannan ƙurar. A haɗa da tabarau mai rufe gefe da safar hannu ta roba. Buhu a yanka bakinsa da wuƙa a ɗiba da ludayi ƙasa-ƙasa, kada a ɗaga a zazzage, kada kuma a kakkaɓe wanda ya ƙare. A auna a inda iska ke wucewa tana bayan mai awo, amma ban da kunna fanka a kan garin. Shara da busasshiyar tsintsiya ita ce ta fi tayar da ƙura, musamman da hunturu, don haka a yayyafa ruwa a kwashe, ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ban da cin abinci, goro ko shan shayi a ɗakin haɗi. Kayan aiki su kwana a wurin aiki, kada a kai gida a haɗa da wankin yara.

Idan ya faɗa ido, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 cur, ba tare da murzawa ba, sannan a tafi asibiti, domin yana iya yi wa ido mummunar illa. A fata, ruwa da sabulu. Idan yaro ƙarami ya haɗiya, a kuskure masa baki, kada a tilasta masa amai, kada a ɗura masa manja, a ɗauki buhun ko hoton rubutunsa a nufi asibiti.

Ajiya kuma: a kan katako nesa da bango, baki a ɗaure, don yana jan danshi da damina ya dunƙule, fasa shi kuma wata ƙurar ce. Ruwan da aka wanke kayan awo kada ya bi kwata ko ya kusanci rijiya da tafkin kifi, guba ne ga halittun ruwa. Shi kuwa yaron, ka kai shi asibiti, ka faɗa wa likita sunan abin da yake aiki da shi da tsawon lokacin da ya yi.

*Ni mace ce daga Ɗorayi, shekarata 46, ina fama da ciwon gwiwa da ciwon hanta. Na ga ana tallan ƙwayar manganis a Facebook wai tana ƙarfafa ƙashi. In saya?*

A'a, Hajiya, Allah Ya ba ki lafiya. Mace tana buƙatar kamar miligiram 1.8 a rana, namiji 2.3, kuma gero, dawa, wake, gyaɗa, ganye da shayi suna ba da wannan cikin sauƙi. Mai cin tuwo da kunu da fura da wuya ya rasa shi. Hukumomin lafiya a Amurka sun sa iyaka a miligiram 11 a rana ga babba mai lafiya, na Turai sun tsaya a 8, kuma lissafin ya haɗa da na abinci. Ke da hantarki ba ta da ƙarfi, abin da ya shiga ba zai fita yadda ya kamata ba. Haka mai ƙarancin jini saboda rashin sinadarin ƙarfe, jikinsa ya fi saurin zuƙar manganis. Ki duba magungunan ciwon gaɓoɓi da na ƙarin bitamin da kike sha, wasunsu da manganis a ciki, ki kai su gaban likitanki.

Ki kuma lura, mai yiwuwa magnisiyam aka so a ce miki, ana yawan rikita su. A jikin kwalba Mg shi ne magnisiyam, Mn shi ne manganis. Magnisiyam ana shan ɗaruruwan miligiram, wanda ya sha manganis a wannan ma'aunin ya sha guba. Kowanne likita ya rubuta miki, a kantin magani mai rajista za ki saya, mai lambar NAFDAC a jikin kwalin.