Zuwa Haridwar da iyali a mota daga Delhi: abin da ya kamata ka shirya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana zaune a Delhi da maiɗakinka da yara ƙanana, kana so ku tafi Haridwar a mota ku ga kogin Ganga da yadda mabiya addinin Hindu ke ziyararsu, kana tambayar hanya da masauki da abinci. Tafiyar ba ta da wuya, amma ranar da ka zaɓa ita ce za ta gyara ta ko ta ɓata ta, don haka da ita zan fara.

Kada ka kuskura ka tafi a watan Shravan na kalandarsu, wanda ke faɗowa tsakanin Yuli da Agusta. Lokacin Kanwar Yatra ke nan, inda miliyoyin masu bautar Shiva, ɗaya daga cikin allolinsu, ke zuwa ɗiban ruwan Ganga su koma da shi garuruwansu a ƙafa, kuma hanyar da za ka bi ita ce tasu. 'Yan sanda kan rufe ɓangare ɗaya na titin, a kwanakin ƙarshe ma a karkatar da motoci gaba ɗaya. Tafiyar awa 5 sai ta cinye yini. Damina ce kuma, kogin ya cika ya yi jawur. Mayu da Yuni ga zafi da ke haura digiri 40, ga hutun makarantu, ga masu wucewa Char Dham, wuraren ziyararsu huɗu da ke cikin tsaunuka, wato Yamunotri da Gangotri da Kedarnath da Badrinath, waɗanda mafi yawansu ta Haridwar da Rishikesh suke bi. Ƙarshen Disamba da Janairu kuwa hazon sanyi ne ke rufe hanya da asuba, ya fi hazon hunturunmu kauri nesa ba kusa ba, har motar gabanka ba ka gani. Mai yara ya tafi daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, ko Fabrairu zuwa Maris, a tsakiyar mako. Ka kuma duba kalandar bukukuwansu, domin ranar cikar wata da ranar ɓuyansa ranakun wanka ne da garin ke cika. Babban taronsu na wanka a kogi, Kumbh, duk shekara 12 ake yinsa, na baya a Haridwar an yi shi a 2021, na rabin zango kuma an sa shi a farkon 2027.

Nisan kamar kilomita 220 ne. Ka hau babban titin Delhi zuwa Meerut, daga can ka kama NH-334 ta Muzaffarnagar da Roorkee har Haridwar. In ka tashi bayan sallar asuba, kafin Ghaziabad ta cunkushe, awa 4 zuwa 5 sun isa har da tsayawa sau ɗaya. Rishikesh na gaba da kimanin kilomita 25. Zuwa da dawowa da ɗan yawon cikin gari ka lissafa kilomita 500, wato lita 35 ko kusa da haka ga ƙaramar motar da ke cin kilomita 15 a lita.

Kuɗin hanya da FASTag ake biya, wata 'yar takarda da ke manne a gilashin gaba. Ka zuba mata kuɗi tun daren tafiya, domin wani lokaci kuɗin ba ya shiga nan take, kuma wanda tasa ba ta aiki ana cajinsa fiye da kima a shingen. Takardu huɗu su kasance a motar: rajistarta, inshora, takardar gwajin hayaƙi da suke kira PUC, da lasisinka. In lasisin gida kake riƙe da shi, sai ka haɗa da na ƙasa da ƙasa. Ka duba iskar tayoyi har da ta ko-ta-kwana, da jak, da ruwan lagireto, da baƙin mai. Kowa ya ɗaura bel har na kujerar baya, doka ce. Lambar gaggawa 112, ta taimakon babbar hanya 1033.

Idan hannunka bai faɗa da tuƙin gefen hagu ba, shawarata ka ɗauki hayar mota da direbanta. Haɗarin wannan hanya yana bayan Meerut ne, inda titi ke ratsa ƙauyuka: babura masu tahowa ta hannun da ba nasu ba, shanu kwance a tsakiyar kwalta, da taraktocin da ke jan lodin rake zuwa masana'antun sukari daga Nuwamba har wajen Afrilu. Yawancinsu ba su da fitilar baya, raken kuma ya zarto waje. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar tuƙin dare a nan. In hayar za ka yi, ku daidaita tun farko ko kuɗin shinge, da harajin shiga wata jiha, da kuɗin ajiye mota, da na kwanan direba suna cikin farashin, don a nan ne gardama ke tashi ranar dawowa.

Sai maganar abinci, wadda nake so ka riƙe da hannu biyu. Haridwar da Rishikesh ba a sayar da nama ko kifi ko ƙwai ko giya a cikinsu. Fiye da haka, jihohin Uttar Pradesh da Uttarakhand duk sun haramta yanka saniya, kuma zargin ɗaukar namanta kaɗai ya sha jawo wa mutane duka a hanya. Don Allah kada kilishi ko dambun nama ya shiga motar nan, ko da na rago ne, domin mai bincike ba zai tsaya bambancewa ba. Ku riƙe dabino, gyaɗa, ayaba, burodi da biskit na yara. A gidajen abincin bakin hanya, waɗanda suke kira dhaba, ku nemi roti, gurasarsu, da dal, wato miyar wake, ko shinkafa da paneer, cukunsu mai laushi. Ka ce "mirch kam" a rage barkono. A zaɓi inda motocin iyalai suka yi yawa kuma ake girki a gabanka. Ruwa sai na roba mai hatimi, ban da ƙanƙara, ban da 'ya'yan itacen da aka riga aka yanka. Ka sayi ƙullin ORS a kantin magani, domin gudawa ce ta fi kama yara a wannan tafiya.

Sallah kuwa, alƙibla a can yamma take, ka kula kada sabo ya juya ka gabas. Ka guji shimfiɗa darduma a bakin titi ko a bakin kogi, an sha kama mutane a jihohin nan saboda sallah a fili. Akwai masallatai a Muzaffarnagar da Roorkee, da unguwar Jwalapur a gefen Haridwar, ga kuma ɗakin masaukinku, ga rangwamen matafiyi. Kusa da Roorkee akwai Piran Kaliyar, inda kabarin Shehu Alauddin Sabir na ɗariƙar Chishtiyya yake, a nan za ku sami abincin halal ba wahala.

Masauki ka kama shi kafin ka tashi, ka kuma buga waya ka tambaya ƙarara ko suna karɓar baƙin ƙasashen waje. Doka ta wajabta musu cika takardar rajistar baƙi, wadda aka fi sani da Form C, ga duk baƙon ƙasar waje, ƙananan masaukai da yawa ba su da rajistar yin hakan, sai ka iso da yara a gajiye a ce babu ɗaki. Fasfon kowa da bizarsa su kasance a hannu, har na jariri. Gidajen saukar masu ziyara, dharamshala, suna da araha amma don mabiya addinin aka gina su, ka bar musu.

Zuciyar Haridwar ita ce Har Ki Pauri, matakalar bakin kogi inda ake Ganga Aarti kullum da faɗuwar rana, limamansu na kaɗa manyan fitilun wuta, jama'a na sakin 'yan kwanonin ganye ɗauke da furanni da wuta a kan ruwa. Sai dai akwai tsohuwar dokar gari tun 1916 da ta taƙaita shigar wanda ba Hindu ba wannan haraba, kuma masu kula da wurin sun sake tayar da maganarta. Wurin ibadarsu ne, haƙƙinsu ne a mutunta. Ni dai a ganina ka kai iyalinka Rishikesh ku kwana can, ku kalli aarti a Triveni Ghat ko Parmarth Niketan, inda aka saba da baƙi daga ko'ina kuma taron bai kai na Haridwar matsi ba. A isa awa ɗaya kafin magariba. Ana cire takalmi. Za a miƙo muku fure, ko jan kwalli na goshi, ko ɗan zaƙin da aka yi wa addu'arsu; ka ɗora hannu a ƙirji ka ce "nahi, dhanyavad", wato a'a, na gode, ba mai jin haushi. Kada a ɗauki hoton mata masu wanka.

Mota ba ta shiga lungunan bakin kogi. A Haridwar a ajiye ta a manyan filayen ajiya irin na Pantdeep, a hau keken lantarki. A Rishikesh tsohuwar gadar Lakshman Jhula a rufe take, ana ƙetarewa ta Ram Jhula ko Janki Setu a ƙafa. Birai sun yi yawa a gadojin, suna fizge leda da tabarau, don haka kada yaro ya riƙe abinci a hannu.

Ruwan Ganga a nan daga ƙanƙarar tsaunukan Himalaya yake gangarowa, sanyi ƙalau ko a bazara, kuma ƙarfinsa ya fi yadda ido ke gani. Sarƙoƙin da za ka gani a matakalai don manya masu wanka su riƙe aka sa su. Matakalan da ruwa ya rufe suna da santsin gansakuka. Yaro ya tsaya a matakalar da ta bushe, hannunsa a cikin na babba. Wuraren bautar Mansa Devi da Chandi Devi da ke kan tsaunuka ana hawansu da keken igiya, amma a ranar cunkoso ku haƙura: a Yulin 2025 turmutsutsu a hanyar ƙafa ta Mansa Devi ya yi sanadin rayuka. Ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa a aljihun kowane yaro. In rashin lafiya ta taso, akwai babban asibitin gwamnati na AIIMS a Rishikesh.

Ranar dawowa ku kama hanya kafin azahar, musamman in Lahadi ce, domin da yamma duk 'yan hutun ƙarshen mako ne ke tururuwar komawa Delhi, layin shingen Meerut kaɗai sai ya ci muku lokaci mai yawa. Allah ya kai ku lafiya, a gaida Hajiya da yara.