Yadda za ka lanƙwasa gwangwani ya fito kamar jikin mota

Ɗan'uwa na Gusau da kat tambayi mi za ka yi jikin ƙaramar motar da kake haɗawa ya daina ɓurmawa in ka lanƙwasa, matsalar tana ga gwangwanin ne. Ka bar na madara da na tumatir, ƙarfe ne mai taurin kai, nemi na lemo ko maltina, wannan alminiyon ne kuma shi ya fi biyayya.

Ka yanke sama da ƙasa ka buɗe shi, ka goge fentin da samfefa, sai ka shafa sabulu ka ɗora bisa wuta kaɗan kaɗan, da sabulun ya yi baƙi ka ɗauke, gwangwanin ya yi laushi ke nan. Kar ka bari ya daɗe don alminiyon na narkewa wajen digiri 660, kuma don Allah a waje za ka yi, hayaƙin ba shi da kyau.

Lanƙwasa guda irin ta rufin mota ba wuya, naɗe shi jikin bututun ruwa kawai. Inda aikin yake shi ne wurin da ya kumbura ta ko'ina kamar saman taya, nan sai ka aza shi bisa tsohon silifas ka riƙa murza bayan cokali kana zagayawa daga tsakiya zuwa baki, a hankali hwa, in ya sake tauri ka mayar wuta. Ni dai na fi son a yanka guntu guntu kowane da kwalinsa na awo (wato kwalin da ka yanka da siffar guntun, ka aza bisa gwangwanin ka bi), ya fi kama da mota ta gaske. Manna da Araldite, sufa gulu na barin farin tabo.