Amsa ga ƙanena da ke son karatun masta na kwamfuta a waje

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama lisans a Jami'ar Dan Dicko Dankulodo, kana iya gina shafin intanet, kana son ka biyo ni nan Jamus ka yi masta. Na ji daɗi ƙwarai, amma akwai abin da nake so ka sani tun kana Maradi.

Masu tantance takardu a nan ba sa tambayar yaren kwamfuta nawa ka iya. Takardar makinka suke shimfiɗawa, su bi ta darasi bayan darasi: ina aljabara, ina lissafin yiwuwa, ina nazarin algoridim, wato matakan da kwamfuta ke bi ta warware matsala. Ni takarduna na farko dawo mini da su aka yi da layi biyu, wai darussana na tushen ilimin ba su kai adadin da ake nema ba. Shekara guda na rasa a kan haka, ina zaune a shagon gyaran waya na kawu kusa da babbar kasuwa, littafin lissafi a kan cinya, in wuta ta ɗauke in haska da waya. Don haka ka je wurin malamanka yanzu, ka karɓi bayanin abin da kowane darasi ya ƙunsa da hatimi a kai, a fassara shi zuwa Turanci. Faransancinmu ba ya shigar da mutum nan, sai ka zauna jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL.

Sai kuɗi. Gaskiya ne yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, sai 'yan ɗaruruwan yuro kowane zango. Amma kafin biza ana so ka nuna abin da za ka ci shekara, a asusun da ake kullewa. A 2024 adadin ya kai yuro 11,904, wato sefa miliyan 7 da dubu 800 da ɗoriya. Don Allah kada ka bari Baba ya saida gona saboda wannan, kana cewa za ka biya da aiki. Doka ta ba ɗalibi damar yin aiki kwana 140 cikakku ne kawai a shekara, kuma zangon farko ba ya barin mutum ya ɗaga kai.

Ka nemi tallafin DAAD, hukumar Jamus da ke ba ɗaliban waje tallafin karatu. Ka kuma duba Kigali, babban birnin Ruwanda, da idon basira, domin Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka tana da reshe a can tun 2011, kuma gidauniyar Mastercard tana ɗaukar nauyin ɗalibai. Wannan hanya ba ta baya ba ce ko kaɗan.

Abin da zai bambanta ka da sauran masu nema yana nan kusa da kai. Manhajar da ka rubuta wa 'yan kasuwar wake don lissafin bashi, ita ce dukiyarka. Ka gyara ta, ka ɗora a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu kowa ya gani, ka rubuta yadda take aiki idan babu intanet da kuma abin da ya ƙi ci. Ita za ka gina wasiƙar neman gurbi a kanta.

Masta shekara biyu ne, wata shida na ƙarshe na bincike ne a hannun malami guda, don haka ka fara karanta ayyukan malaman tun yanzu. Turo mini hoton takardar makinka kafin Juma'a mu ƙirga darussan tare. Ka gaida Inna da su Hajiya.