Ku Tambaya Mu Amsa: Kyamarar bidiyo mai araha, a saya ko a haƙura?

Tambaya daga wani matashi a unguwar Rumde Ajiya, Garwa, Kamaru: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata ɗaukar hoto a wuraren aure da suna, kuma ina son in haɗa da bidiyo domin masu biki yanzu shi suka fi nema. Wani mai shago ya nuna mini kyamara sabuwa dal a kwalinta, an rubuta mata 4K da megafiksel 48 da zum 16, ga batir biyu, ga makirufo, ga rimot, ya ce in kawo jaka 40 na sefa. Abokina kuma yana da Sony HDR-CX405 ta hannu, babu kwali, babu komai sai caja, amma ya ce ba zai sallama ta ƙasa da jaka 75 ba. Wacce ya kamata in ɗauka, kuma ta yaya zan gane mai kyau tun kafin kuɗina su fita?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Ban riƙe kyamarar mai shagon a hannuna ba, amma irin rubutun da ka karanto mini ba baƙo ba ne, domin kyamarori marasa sunan kamfani sananne kusan duk da shi suke zuwa, kuma abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka ajiye kwalin gefe ka duba kyamarar kanta.

Mu fara da lissafi. Hoton 4K na gaskiya yana da ɗigo 3840 a faɗi da 2160 a tsaye, wato ɗigo miliyan 8 da ɗoriya a kowane hoto guda na cikin bidiyon, shi kuwa wanda ake kira Full HD yana da 1920 da 1080, kimanin miliyan 2. Abin da yake karɓar hoton wani ɗan faranti ne da ke bayan gilashin idon kyamara, kuma yawan ɗigon da ke kansa da girmansa su ne iyakar abin da kyamarar za ta iya gani. Abin da masu ƙera irin waɗannan kyamarori masu araha suke yi shi ne su saka ƙaramin faranti mai ɗigo kaɗan, sannan su sa na'urar ciki ta kumbura hoton har ya kai lambar da aka buga a kwali. Ka ɗauka mai nono ce ta zuba ruwa a kindirmo: ƙwarya ta cika har baki, amma nonon da aka tatso bai ƙaru da cokali ɗaya ba. Shi ya sa fayil zai nuna maka 4K a kwamfuta, amma idan ka tsayar da hoton sai ka ga fuskar amarya ta dagule, zanen lallen hannunta ya narke ya zama baƙin tabo.

Maganar zum ta fi wannan muhimmanci a aikinka, kuma a nan ne kyamarar abokinka ta yi wa ta shagon nisa. Zum iri biyu ne. Akwai na gilashi, inda gilasan da ke cikin idon kyamara suke matsawa gaba da baya su jawo abin da ke nesa ba tare da hoton ya rage kyau ba, akwai kuma na lissafi, wanda yankar tsakiyar hoton kawai yake yi ya faɗaɗa shi, kamar yadda kake buɗa hoto da yatsu biyu a waya. Wannan zum 16 da ke kwalin, a mafi yawan lokuta na lissafi ne. Ita kuwa CX405, wadda Sony ya fitar a 2015, tana da zum na gilashi har ninki 30, tana kuma da abin da ke rage girgizar hannu a cikin gilashin nata. Ranar hawan salla, idan dawakai suka taso a guje a ƙofar fadar Lamiɗo kana can bayan jama'a, wannan zum ɗin ne zai kawo maka rawanin mahayi da adon sirdinsa, alhali ɗayar za ta ba ka ƙura da inuwa.

Ba a cinikin biri a sama, saboda haka ka tafi shagon da mimorinka a aljihu, ka nemi izinin gwaji. Mai shagon da ya hana gwaji ya riga ya ba ka amsa. Ka leƙa cikin idon kyamarar kana danna zum, idan na gilashi ne za ka ga wani abu yana motsi a ciki, idan kuwa komai tsit yake to na lissafi ne. Ka ɗauki allon wani shago da ke tsallaken titi, ka ɗauki babur yana wucewa, sannan ka shiga can ƙuryar shagon inda haske ya yi ƙaranci ka ɗauki fuskar mutum yana magana. Duk abin da ka ɗauka da kyamarar, ka sake ɗaukarsa da wayar da ke aljihunka. Kada ka yi hukunci a ɗan allon kyamarar, domin ƙaramin allo yana rufa wa mummunan hoto asiri. Ka kai mimorin kan kwamfuta ko talabijin ka duba ko rubutun allon nan yana karantuwa, ko babur ɗin ya wuce sumul ko kuwa tsalle-tsalle yake yi, ko bakin mai magana ya yi daidai da muryarsa. Na sha ganin waya mai matsakaicin kuɗi ta kayar da irin wannan kyamara a duk gwaje-gwajen nan, kuma idan haka ta faru, jaka 40 ɗinka siffar kyamara kawai za ta saya maka. Na san masu biki sun fi ganin girman wanda ya zo da abu mai kama da kayan aiki, amma wannan girman ba ya wuce ranar da suka zauna kallon bidiyon.

Kada kuma in yaudare ka game da ta abokinka, domin ita ma ƙaramar kyamara ce mai iyaka. Farantinta ƙarami ne ƙwarai, don haka da rana hotonta fes yake, amma a wajen kamu ko walimar dare sai ka ga ya yi yashi-yashi, wanda ke nufin dole ka tanadi fitilar da za ka haska fuskoki da ita. Ba ta kuma da ramin da ake jona makirufo na waje, saboda haka idan muryar mai wa'azi ko ta maroƙi kake so ta fito sarai, ka ajiye waya kusa da shi tana naɗar sauti, ka tafa hannu sau ɗaya a farkon ɗauka domin ka sami inda za ka haɗa sauti da hoto wajen tacewa. Tun da ta hannu ce, ka haska tocila cikin gilashin ka duba ƙura ko tsaga, ka buɗe allon ka rufe sau da yawa ka ga ko hoton yana ɗaukewa, ka cire batirin ka ɗora shi a kan tebur ka ga ko cikinsa ya kumbura, domin zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40, ba ya barin batir ya daɗe. Batirinta ƙarami ne, NP-BX1 ake kiransa, kuma guda ɗaya ba zai kai ka ƙarshen wunin biki ba. Wajen mimori kuma, ɗauka a kan megabit 28 a daƙiƙa tana cin wajen gigabait 12 da rabi a awa ɗaya, ke nan mai gigabait 64 zai ba ka kusan awa 5, muddin ba jabu ba ne. Ka cika shi taf a gida ka kalli abin da ke ƙarshensa kafin ka amince masa da auren mutane. Idan ta tsallake waɗannan, ita nake ba ka shawarar ka ɗauka, ka kuma yi amfani da kuɗin batir da fitila da za ka ƙara wajen neman ragi a hannun abokin naka.

Tambaya daga wata malamar Islamiyya a Marwa: Malam, ƙanena ya aiko mini da kyamara Canon Vixia daga Amurka domin ɗaukar saukar ɗalibai. A tsakar gida hotonta lafiya lau, amma a cikin aji da dare sai haske ya riƙa ƙyaftawa. Ko ta lalace ne a hanya?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara ilimi, kyamararki lafiyarta ƙalau. Wutar lantarkin Kamaru da Chadi tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa sau 60, kuma ƙwan fitila da yawa suna ƙyaftawa bisa wannan juyi ta yadda ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. Canon yana sayar da samfurin Vixia ne ga ƙasashe masu 60, na ƙasashe masu 50 kuwa Legria ake kiransa. Ki shiga wajen saiti ki nemi saurin buɗewar idon kyamara, wato shutter speed, idan ta ba ki damar zaɓa ki sa shi a kan 1/100, ƙyaftawar za ta ragu sosai ko ta ɓace. Idan da janareto ake aiki matsalar tana iya dawowa, domin juyinsa ba ya zama daidai, kuma a wannan hali ya fi sauƙi ki kashe ƙwan ajin ki haska ɗaliban da fitilu masu batir, ko ki matsar da zaman saukar zuwa bayan la'asar a buɗe tagogi.