Ku Tambaya Mu Amsa: Na Sayi Kalangu Amma Ya Ƙi Yi Min Magana

Tambaya: Assalamu alaikum Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a nan Kano, shekarata 22, ina zaune a Gwammaja. Na daɗe ina kallon masu kiɗan jembe a YouTube har abin ya shiga raina, na tara kuɗi na sayi kalangu tunda shi na samu, yau wata 4 kenan ina bugawa amma ni kaina na san hayaniya kawai nake yi. Kuma gidanmu ba gidan makaɗa bane, babu wanda zai nuna min. Dan Allah ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, wallahi wasiƙarka ta faranta min rai, dan rabon da in ji matashi a garin nan yace kalangu yake son koya ba fiyano ba har na manta.

To amma ka haɗa abu biyu da ba hanyarsu ɗaya ba. Jembe na mutanen Mali ne da Gini, da tafin hannu zalla ake kaɗa shi, kuma muryoyi 3 ne ginshiƙinsa, na tsakiyar fata mai kauri, na gefe, sai marin nan mai ƙara. Bayan Gini ta samu 'yanci a 1958 ne ƙungiyar rawa ta ƙasar ta yi ta yawo da shi duniya har Turawa suka kama, shi yasa intanet ta cika da darasinsa. Kalangu kuwa da gula, wato sandar kiɗa, ake kaɗa shi, kuma rabin aikin ma ba a hannun da ya riƙe gular yake ba, a hammata yake. Ka rataya shi a kafaɗa, ka matse tsirkiya, wato igiyoyin jikinsa, da damtse fata ta ɗaure murya ta hau, ka saki ta sauka. In ka ɗauki darasin jembe ka ɗora wa kalangu to ko shekara za ka yi hayaniyar dai za ka ci gaba da ji.

Abin da nake so ka riƙe shi ne kalangu magana yake yi, Hausa yake yi kamar ni da kai. Harshenmu ai hawa da sauka ne, faɗi kuka na hawaye sannan ka faɗi kuka ta miya ka saurari bakinka, na farko a sama ya fara a sama ya ƙare, na biyun ya fara a sama ya faɗo. To wannan faɗowar ita ce sakin tsirkiya. Dan haka ajiye gular tukunna, ɗauki sunanka ko sunan unguwarku ka yi ta maimaitawa a baki a hankali har ka gane inda murya take hawa da inda take sauka, sannan ka nemo shi a jikin kalangun. Kalma ɗaya ta ishe ka sati guda, kar ka yi gaggawa. Duk abin da bakinka bai iya faɗa ba hannunka ba zai kaɗa shi ba, haka na ga makaɗa suna koya wa yaransu, sai yaro ya rera kiɗan da baki tsaf kafin a miƙa masa gula.

Ina yaro akwai wani tsohon makaɗin mahauta da yake zuwa bakin kasuwa ta wajenmu, bazan manta ba, zai tsaya nesa kaɗan baya cewa uffan, sai ya karkata kai ya matse kalangun ya saki taken wani mahauci, mutumin nan yana tsakiyar sara da bayansa a juye amma sai ka ga ya tsaya cak ya ajiye wuƙa jikinsa ya ɗau tsuma, hannu ya tafi aljihu. Ba a kira sunansa da baki ba fa, amma kowa a rumfar ya ji an kira shi. Irin wannan za ka gani har gobe a gidan dambe in aka kaɗa wa ɗan dambe takensa, je ka ka zauna kusa da makaɗa ka bar kallon naushi, kalli damtsen mai kalangu da yatsun hannunsa na hagu yadda suke taɓa fatar.

Maganar gado kuma, gaskiya ne a da kiɗa sana'ar gida ce ɗa ya karɓa a wajen uba, amma ko 'ya'yan gidan ba da babban kalangu suke farawa ba. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, sai a bashi kuntuku ko ɗan karɓi, ƙananan gangunan da ke raka kalangu, ya riƙe kiɗa ƙwaya ɗaya ba canji, manya suna hawa suna sauka a kansa, in ya kauce a harare shi. Nan ne ake koyon tsayar da lokaci, kuma shi ne abin da mai koyo shi kaɗai a ɗaki baya samu. Dan haka nemi maigida. Ka leƙa Gidan Ɗan Hausa inda hukumar tarihi da al'adu ta jiha take ka tambayi masu kiɗan Koroso, ko in ka ga makaɗa a wajen biki ka bari su gama ka je ka durƙusa ka gaishe su da ɗan goronka, kace koyo kake so. Kar ka fara da maganar nawa zan biya. Kuma ka sanar da mahaifinka tun yanzu da bakinka, kar ya ji a gari, dan har yanzu akwai masu yi wa kiɗa kallon roƙo, in ya san karatunka na nan daram kuma ya san wajen wa kake zuwa hankalinsa zai fi kwanciya.

Sai sauraro. Nemi tsofaffin faya-fayen Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ka toshe kunnenka daga waƙar ka bi 'yan kalangunsa kawai, za ka ji yadda suke amsa masa. In kuma dai kiɗan hannu zalla ne ya tsaya maka a rai ai muna da namu, kotso da yatsu ake kaɗa shi, shi ne na Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, ga kuma taushi irin na Salihu Jankiɗi, sai dai waɗannan kiɗan fada ne, masu su sun fi yawa ta wajen Sakkwato da Zamfara.

Na ƙarshe, maganar kula da kalangun, dan na san za ka dawo da ita, in damina ta shigo fata za ta saki murya ta dushe, ɗan shanya shi a hantsi ya isa, kar ka kai shi bakin wuta. Da hunturu kuma bushewa take yi ta tsage, sa shi a jakar yadi ka rataye a bango inda ɓera ba zai kai ba. Bayan wata 3 ka sake rubuto min ka faɗa min kalma nawa ya iya faɗa da kuma wajen wa kake ɗaukar kaya.