Dalilin tsayuwar 'yan wasa ƙiƙam a finafinan waƙa na farko

Malam, ka tambayi abin da ya sa 'yan wasan finafinan waƙa na Amurka na wajen 1929 suke tsayawa ƙiƙam kamar an dasa su. Laifin na'ura ne. Kyamarar lokacin ƙara gare ta, sai a kulle ta cikin ɗan akurki mai gilashi don kada makirufo ya ɗauki ƙarar, ba ta iya yawo. Makirufo kuma a ɓoye yake wuri guda, wanda ya gusa muryarsa ta ɓace. Makaɗa ma suna gefe suna kiɗa kai tsaye.

Amma muryoyin fa, ba a magana! Da yawa daga cikin mawaƙan daga Broadway, cibiyar gidajen wasan kwaikwayo ta birnin New York, aka kwaso su, gogaggu ne. Rawa kam, a ganina, ba ta yi armashi ba sai 1933, da mai tsara rawa Busby Berkeley ya sa kyamara shawagi saman 'yan rawa a fim ɗin 42nd Street.