Me ya sa Amurka ta yi Dokar 'Yancin Zaɓe a 1965?

Malam, ka tambaya me ya kawo sabuwar doka alhali gyara na 15 ga kundin tsarin mulki ya hana tauye wa baƙar fata ƙuri'a tun 1870. Ai jihohin Kudu zagaye shi suka yi: harajin ƙuri'a, ga gwajin karatu wanda mai rajista ke kayar da duk wanda ya ga dama. Bayan dukan da 'yan sanda suka lakaɗa wa masu tattakin neman 'yancin zaɓe a garin Selma na jihar Alabama ran 7 ga Maris, Shugaba Johnson ya sa hannu ran 6 ga Agusta. Dokar ta dakatar da gwajin, ta wajabta wa wasu daga cikin jihohin neman amincewar tarayya kafin su sauya ƙa'idar zaɓe. Nan ƙarfinta yake, kuma sashen ne Kotun Ƙoli ta gurgunta a 2013.